Laga Mai Ɗauke da Sunan Mashaya: Abin da Harshe Ke Ganowa da Abin da Ke Ɓuya Masa

A ƙananan mashayu na ƙasashe da dama, cikin famfunan da ke jere a kan kanta akan sami guda ɗaya wanda ba ya ɗauke da tambarin wani sanannen kamfani, sai sunan mashayar kanta, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta cewa laga ce "light" (laga wani nau'in giya ce). Wanda ya karanta wannan rubutu yakan ɗauki abu biyu a ransa: cewa a nan aka dafa giyar, kuma cewa barasar da ke cikinta ba ta da yawa. Dukansu biyu suna iya zama gaskiya, suna kuma iya zama akasin haka ba tare da mai mashayar ya taka wata doka ba, domin a wurare da yawa doka ba ta ɗaure waɗannan kalmomi da ma'anar da mai saye yake zato.

Ruɗanin ya ƙaru daga 2023 zuwa yau. A watan Mayun wannan shekara ƙasar Ayaland ta sa hannu kan ƙa'idar da za ta tilasta rubuta gargaɗin lafiya da yawan kalori da nauyin barasa a jikin kwalabe. A ranar 1 ga Agusta Birtaniya ta sauya tsarin harajinta, ta ɗora shi a kan ƙarfin abin sha, wasu kamfanoni kuwa suka rage ƙarfin giyarsu ba tare da sun sauya mata suna ba. A Janairun 2025 hukumar TTB, wadda ke kula da harajin barasa da cinikinta a Amurka, ta gabatar da shawarar tilasta bayyana irin waɗannan bayanai. Matakan Ayaland da Amurka suna magana ne a kan abin da ya kamata a rubuta wa mai saye, alhali giyar da ake tsiyayowa daga famfo tana isa gabansa ne a kofin gilashi wanda babu rubutun komai a jikinsa.

## Mece ce laga

Laga ba launi ba ce, ba kuma ƙarfi ba; hanyar dafawa ce. Sunan ya samo asali daga kalmar Jamusanci mai nufin ajiyewa, saboda masu dafa giya a yankin Bavariya na Jamus sun saba ajiye ta a kogo da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi har tsawon makonni ko watanni. A 1553 mai mulkin yankin, Albrecht na Biyar, ya hana dafa giya a watannin zafi, abin da ya ba irin yis ɗin da ke jure sanyi damar mamaye tukwanensu. Wannan yis yana aikinsa ne a sanyin digiri 7 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas, a hankali, kuma ba ya barin ƙamshin 'ya'yan itace irin wanda ɗan'uwansa mai son ɗumi yake bari. Shi ya sa ake cewa ɗanɗanon laga "mai tsabta" ne, wato babu abubuwa da yawa da ke gogayya a kan harshe.

Abubuwa uku ne suka fitar da ita daga Bavariya zuwa duniya. A 1842 Josef Groll ya dafa laga mai launin zinariya, garau, a birnin Pilsen na ƙasar Cek ta yau. A shekarun 1870 injin sanyaya ɗaki na Carl von Linde ya raba masu dafawa da dogaro da ƙanƙarar hunturu. A 1883 kuma Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Danmak, ya ware tsantsar ƙwayar yis guda ya hayayyafa ta, ta yadda tukunyar yau za ta fito daidai da ta jiya.

## Kalma ɗaya, ma'ana huɗu

A nan gizo yake saƙa. Kalmar Ingilishi "light" tana iya nufin haske na launi, tana iya nufin rashin kauri a baki, tana iya nufin ƙarancin kalori, tana kuma iya nufin ƙarancin barasa. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta tattara huɗun nan, kuma wannan rashi ya fi zama alheri, domin mai fassara dole ya zaɓa tsakanin "mai haske" da "mara kauri" da "mara ƙarfi", a nan take sai tambayar da ta kamata ta fito fili: wanne ake nufi?

Amsar ta danganta da ƙasa. A Kanada ƙa'ida ta tsayar da iyaka: giyar da za a kira "light" ita ce mai barasa kashi 2.6 zuwa 4.0 cikin 100. A Suwidin ajin da ke ɗauke da wannan suna a harshensu bai wuce kashi 2.25 ba. A Jamus da Ostareliya ma kalmar tana nuni ne ga ƙarancin barasa, galibi wajen kashi 3 ko ƙasa da haka. A Tarayyar Turai dokar 2006 mai kula da iƙirarin da ake yi wa abinci ta ce ba a kiran abu da wannan suna sai an rage wani ɓangarensa da aƙalla kashi 30 cikin 100, kuma sai an faɗi ɓangaren da aka rage.

A Amurka kuwa, inda wannan nau'i ya fi kasuwa, maganar kalori ce. Bud Light tana da barasa kashi 4.2 da kalori 110 a gwangwani mai mililita 355, yayin da Budweiser ta asali take da kashi 5 da kalori 145. Miller Lite ma kashi 4.2 ce, da kalori 96. Ke nan giyar da ake kira "light" a Shikago ta fi ƙarfin a ba ta wannan suna a Kanada, ta kuma kusa ninka wadda ake kira haka a Suwidin. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Asalin nau'in na Amurka ya bayyana dalili. Wani masanin sinadarai mai suna Joseph Owades, a kamfanin Rheingold na birnin New York, ya yi amfani da wani sinadarin inzayim da ke farfasa ragowar sitacin da yis ba ya iya ci, ya mayar da shi sukari, yis ɗin ya cinye. An fitar da giyar a 1967 da sunan Gablinger's, aka tallata ta a matsayin ta masu son rage ƙiba, ba ta kuwa karɓu ba. Dabarar ta koma hannun kamfanin Meister Brau, daga nan ta faɗa hannun Miller a 1972, wanda ya baza ta a faɗin ƙasar a 1975 da sunan Miller Lite, ya ɗauko tsofaffin 'yan wasa majiya ƙarfi su yi mata talla don a daina kallonta a matsayin abin shan masu ramewa. Coors Light ta biyo baya a 1978, Bud Light a 1982.

Abin lura a dabarar shi ne ba ta cire barasa, ƙara ta ma take yi, tunda sitacin da da zai rage a cikin giyar ya ba ta kauri yanzu ya koma barasa. Daga baya ne ake sirka ta da ruwan da aka cire wa iska har ta sauko ƙarfin da ake so. Saboda haka abin da ya fi raguwa shi ne kauri da zaƙi, waɗanda harshe ke ji, ba barasa ba, wadda jini ke ɗauka.

## Wa ya dafa ta

Sunan mashaya a kan famfo yana iya ɓoye ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ta farko, mashayar tana da tukwanenta a bayan gida, tana dafawa da kanta. Ta biyu, ta ba wani kamfani kwangila ya dafa mata bisa tsarin da suka amince da shi, wanda ba a sayar wa kowa sai ita. Ta uku, wadda masu harkar ba su cika son a tayar da zancenta ba, ita ce a sayo gangar giyar da kamfani yake sayarwa ko'ina, a liƙa wa famfon sunan mashaya kawai.

Akwai dalilin da ya sa hanya ta farko ta fi wuya idan ana maganar laga. Giyar da ake tsimawa da ɗumi tana iya fita daga tanki cikin kamar mako biyu, laga kuwa sau da yawa sai ta yi mako huɗu zuwa shida, tana cin wutar lantarkin sanyaya ta, tana kuma tare tankin da da an juya shi sau biyu. Ƙaramin mai dafawa da ke da tanki uku ko huɗu yana jin wannan a aljihunsa. Babban kamfani mai ɗakin gwaje-gwaje da tankuna masu ɗaukar dubban lita ba ya ji. Don haka idan ƙaramar mashaya tana sayar da laga mai sunanta a matsayin mafi araha a jerin famfunanta, hasashen da ya fi kusa da gaskiya shi ne daga wani wuri aka kawo ta.

Ra'ayi ya rabu a kan ko hakan laifi ne. Masu mashaya suna cewa wannan bai bambanta da yadda manyan kantuna ke liƙa sunansu a kan kayan da wasu masana'antu suka yi musu ba; abin da suke sayarwa shi ne zaɓinsu da amincinsu, mai saye kuma yana samun abin sha mai sauƙin kuɗi wanda bai canzawa daga mako zuwa mako. Suna ƙarawa da cewa wani lokaci kamfanin ne da kansa ba ya son a ambaci sunansa, don kada a ga giyarsa a farashi biyu. Masu kare haƙƙin mai saye, ciki har da ƙungiyar CAMRA ta Birtaniya da aka kafa a 1971, sun daɗe suna neman a riƙa bayyana ainihin wanda ya dafa giya da inda aka dafa ta, bisa hujjar cewa mutumin da ya zaɓi giyar gida don yana zaton yana tallafa wa ƙaramin mai sana'a ya yanke shawara ne a kan bayanin da ba cikakke ba. Idan aka auna, kwatancen da kantuna yana da rauni ta fuska ɗaya: mai sayen kayan kanti ya san kantin ba masana'anta ba ne, amma mashaya mai dafa giyarta abu ne da ke akwai, don haka zaton mai saye ba wauta ba ce.

## Yadda ƙwararru ke ɗanɗana ta

Masu sha'awar giya mai ɗanɗano da yawa sukan raina wannan nau'i, su ce ruwa ne aka rina, lami salam. Masu dafawa kuwa suna cewa yana cikin mafi wuyar dafawa, kuma dalilinsu a fili yake. A giya mai duhu ko mai ɗaci sosai, ƙaramin aibi yana samun wurin fakewa. A wannan babu labule. Jagorar BJCP, wadda alƙalan gasar giya ke aiki da ita, ta sa ɗacinta tsakanin 8 da 12 a ma'aunin IBU, wato dab da inda harshe ke fara jin ɗaci, launinta kuma kamar na busasshiyar ciyawa. Sau da yawa ana haɗa tsiron sha'ir da shinkafa ko masara, waɗanda ke ba da sukari ba tare da ƙara kauri ba. Wanda ke ɗanɗana irin wannan giya, mafi yawan aikinsa neman abin da bai kamata ya kasance a ciki ba ne.

Yana farawa da ido. Yakan ɗaga kofin ya fuskanci haske ya ga ko giyar ta yi garau, sannan ya dubi jikin gilashin: idan ƙananan ƙwayoyin iska sun manne a gefe gungu-gungu, alamar maiƙo ce ko ragowar sabulu, kofin bai wanku ba, kuma kumfar za ta kwanta nan da nan. Kofi mai tsabta yakan bar zoben kumfa a jikinsa bayan kowace kurɓa, kamar layin da ruwa ke bari a gaɓar kogi idan ya janye.

Daga nan sai hanci, kuma ba a gaggawa. Ana tsiyayo wannan giya da sanyin digiri 3 ko 4, sanyi kuwa yana danne ƙamshi da wari baki ɗaya, don haka mai ɗanɗanawa yakan rungume kofin da tafin hannunsa na 'yan mintuna, ya rufe bakinsa da ɗaya hannun, ya ɗan juya shi, sannan ya shaƙa gajere-gajere. Abin da ya ji yana ba shi labarin inda aka yi kuskure. Ƙamshin man shanu, da santsi a kan harshe, alamar sinadarin dayasetil ce, wanda yis ke fitarwa sannan ya sake shanyewa idan aka ba shi lokaci. Samunsa yana nufin an yi gaggawar sauke giyar, ko kuma ƙwayoyin bakteriya sun shiga. Ƙamshin ɗanyen tuffa yana nufin giyar ba ta gama nuna ba. Ɗan ƙamshin dafaffiyar masara daga tsiron sha'ir yake fitowa, kuma ana yafe kaɗan daga cikinsa a wannan nau'i. Warin jiƙaƙƙen kwali yana nufin iska ta shiga kuma giyar ta tsufa. Wari mai kama da na jaɓa kuwa aikin haske ne: hasken rana yana farfasa sinadaran furen hop, wanda ake sa wa giya don ya ba ta ɗaci, cikin 'yan mintuna, shi ya sa kwalba mai ruwan ƙasa ta fi kore ko fara kariya, kuma kofin da aka ajiye a rana yana iya lalacewa kafin a kai rabinsa.

A ƙarshe yakan kurɓa ya haɗiye, saɓanin masu ɗanɗana ruwan inabi da ke tofarwa, domin ɗaci da abin da ke biyo baya sai bayan haɗiya suke bayyana. Abin da yake nema shi ne ɗan zaƙin hatsi, da tsinin iskar da ke cikinta, da ƙarewa a bushe ba tare da tsami ko bauri ya maƙale a maƙogwaro ba.

Sai dai a giyar famfo, aibin da harshe ya gano ba lallai ne na mai dafawa ba ne. Tsakanin ganga da famfo akwai tiyo, wani lokaci mai tsawon mita da yawa, kuma a cikinsa yis da bakteriya suna taruwa su yi kanta. Ƙungiyar Brewers Association ta Amurka ta ba da shawarar a wanke shi duk bayan mako biyu. Mashayar da ta yi sakaci za ta mayar da lafiyayyar giya mai tsami da ƙamshin man shanu, kuma kofin farko na yini, wanda ya kwana a cikin tiyo, shi ya fi nuna hakan. Gangar da ta daɗe a buɗe saboda ƙarancin ciniki ita ma tana tsufa. Wannan ne ya sa giya guda, daga tanki guda, take iya fita da ɗanɗano biyu a mashayu biyu, har masu sha su rantse ba ita ba ce.

## Iyakar harshe

Ko ɗanɗano zai iya tona asirin giyar da aka sauya wa suna? Shaidar da ake da ita ba ta goyi bayan masu wannan iƙirari ba. A wani bincike da Ralph Allison da Kenneth Uhl suka wallafa a 1964, an ba mutum sama da 300 masu shan giya kwalabe marasa tambari, suka kasa fifita wadda suka saba sha a kan sauran. Da aka mayar da tambarin, sai makin da suke bayarwa ya tashi, kowa ya koma yabon tasa. Masana'antar kanta ta san da wannan rauni, shi ya sa take amfani da gwajin kofi uku, wanda aka inganta a Carlsberg a shekarun 1940: kofi biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce mutum ya fitar da baren. Mai canki-canka zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai adadin waɗanda suka dace ya zarce wannan da tazara kafin a yarda akwai bambanci. Sunan mashayar da mutum yake ƙauna, da fuskar mai ita, da hirar da ake yi, duk suna shiga cikin kofin.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne harshe ba ma'aunin barasa ba ne. Yana danganta ƙarfi da kauri da ɗaci da duhun launi, alhali babu ɗayansu da ke tafiya dole tare da barasa. Guinness ta famfo, baƙa mai kumfa kamar kirim, kashi 4.2 ce, daidai da Bud Light.

Lissafin ba shi da wuya. A mililita 355 na giya mai kashi 5 akwai tsantsar barasa kusan mililita 18, wato giram 14, abin da Amurka ke ƙirgawa a matsayin sha ɗaya. A mai kashi 4.2 akwai kusan mililita 15, wato giram 12. Ke nan kofi shida na "light" daidai suke da kofi biyar na ta asali. Tunda kuma kowane giram na barasa yana ɗauke da kalori 7, kusan kashi uku cikin huɗu na kalori 110 ɗin nan daga barasar suke, don haka ba yadda za a yi a rage kalori sosai sai an taɓa ta. Giyar da ba ta cika ciki, mai sanyi, mara ɗaci, tana kuma wucewa da sauri, tazarar kofi ɗaya cikin shida kuwa ba ta da wuyar cikewa a zama guda.

## Gardamar da ke bayan sababbin dokokin

Tarihin rubuta ƙarfin giya yana da ban mamaki. A Amurka dokar 1935 ta hana kamfanoni rubuta yawan barasa a jikin kwalbar giya, don gudun kada su shiga gasar wa ya fi ƙarfi, har sai da Kotun Ƙoli ta soke hanin a 1995 a ƙarar da kamfanin Coors ya shigar. A Tarayyar Turai dole ne a rubuta ƙarfin duk abin sha da ya wuce kashi 1.2, amma dokar 2011 ta keɓe irin waɗannan abubuwan sha daga wajibcin jera kayan haɗi da kalori, wanda ke kan ruwan lemo da madara.

Masu kula da lafiyar jama'a suna ganin wannan keɓewa ba ta da hujja. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa tun 1988. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya, a Janairun 2025 kuma babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya danganta ta da nau'in kansa bakwai, ya nemi a sabunta gargaɗin da ke jikin kwalabe. A wurin masu wannan ra'ayi, kalma irin "light" tana sanyaya zuciyar mai saye fiye da yadda lambobi suka ba da dama.

A cikin masana lafiyar ma akwai masu kallon abin ta wata fuska. Suna cewa mutumin da ba zai daina sha ba, idan ya koma daga kashi 5 zuwa kashi 3.4 bai kuma ƙara yawan kofi ba, ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na barasar da ke shiga jikinsa, kuma idan aka tara wannan a kan miliyoyin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Wannan tunani ne ke ƙarƙashin tsarin harajin Birtaniya, wanda a farkonsa ya sa fam 9.27 a kan kowace litar tsantsar barasa ga giyar da ba ta kai kashi 3.5 ba, da fam 21.01 ga wadda ta kai 3.5 amma ba ta kai 8.5 ba. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba: Carlsberg ta sauko da lagarta a can daga kashi 3.8 zuwa 3.4. Gwamnati tana iya cewa manufarta ta cika, masu saye kuma suka yi ƙorafin cewa an rage musu kaya ba a rage musu kuɗi ba. Maganganun biyu ba sa karo da juna. Duka sun faru.

Kamfanoni da ƙasashe masu fitar da barasa suna da tasu hujjar. Italiya da Faransa da Sifaniya na cikin waɗanda suka ƙi amincewa da ƙa'idar Ayaland, suna cewa ƙasa ɗaya ta ƙirƙiro nata rubutun zai wargaza kasuwar bai-ɗaya, ya kuma ɗora wa ƙananan masu sana'a kuɗin buga tambari na musamman. An tsara ƙa'idar za ta fara aiki a Mayun 2026, amma a 2025 gwamnatin ta ɗage ta zuwa 2028 saboda fargabar da ta shafi cinikin ƙasa da ƙasa. Wani ɓangarenta da ba a cika ambata ba shi ne wanda ya shafi wannan batu kai tsaye: ta tanadi cewa a samar wa mai sha irin wannan bayani a cikin mashaya ma, ba a jikin kwalba kaɗai ba.

## Wa abin ya shafa

Direba ne na farko. Iyakar barasa a jini ga mai tuƙi a Ingila miligiram 80 ce a kowace mililita 100, a Sikotlan an sauko da ita zuwa 50 tun Disambar 2014, kuma na'urar ɗan sanda ba ta tambayar sunan da ke kan famfo. Matafiyin da ya saba da ma'anar kalmar a Suwidin ko Ostareliya, idan ya ɗauke ta haka a Amurka, zai sha kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da yake zato.

Sai waɗanda ba sa son barasa ko kaɗan, saboda addini, ko juna biyu, ko maganin da suke sha, ko don suna fama da barin ta. A wurinsu "light" ba ta da alaƙa da abin da suke nema, kuma ko kalmomin da suka fi ta kusa suna da nasu tarko. A Amurka abin da aka rubuta wa "non-alcoholic" yana iya ɗaukar barasa ƙasa da kashi 0.5, sai wanda aka rubuta wa "alcohol-free" ne ake buƙatar ya zama babu ko ɗigo. A Ingila jagorar gwamnati ta sa iyakar wannan kalma ta biyu a kashi 0.05, alhali a wasu ƙasashen Turai, irin su Jamus, ana ba mai kashi 0.5 wannan suna. Masu cutar da ke hana cin alkama da sha'ir su ma kada rashin kaurin ya ruɗe su, domin tushen giyar sha'ir ne ko da an sirka da shinkafa.

Ga mai mashaya, wajibcin bayyana ƙarfi da kalori da sunan mai dafawa zai rage masa 'yancin sauya kamfani a ɓoye idan ya sami mai araha, amma ba zai ɗora masa wani aikin bincike ba. Wanda nauyin zai fi hawa kansa shi ne ƙaramin mai dafawa da kansa, wanda tukunyarsa ta wannan wata ba lallai ta yi daidai da ta watan jiya ba, kuma auna ta a ɗakin gwaji kuɗi ne. Shi ya sa irin waɗannan dokoki sukan bar 'yar tazarar kuskure tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke cikin kofi. Ga wanda ke sayo ganga daga wani kamfani kuwa, bayanin yana nan tun ranar da mota ta sauke ta: sunan kamfanin, da ƙarfin giyar, da kwanan watanta, galibi duk suna rubuce a takardar da ke wuyan gangar, a ɗakin sanyi, 'yan taku kaɗan daga inda mai saye yake zaune.